Injin kwashe dusar ƙanƙara: ya ci kuɗinsa, amma ba kowa ke bukatarsa ba

Duk wanda ya sayi gida ko ya kama hayar gida sukutum a jihar Minnesota ta Amurka, kafin Nuwamba ta kama sai wani maƙwabci ya tambaye shi ko ya tanadi injin dusa. 'Yan'uwanmu da suka zo kwanan nan ma tambayar da suke yi mini ke nan: a zuba kuɗi a inji, ko shebur ya wadatar? Na yi hunturu da shebur zalla, na kuma yi da inji, don haka ga abin da na gani.

Nawa mai shan fetur ne, irin da ake kira mai mataki biyu, faɗin bakinsa inci 24. Gidana a Minneapolis yake, inda dusar da ke sauka a shekara takan kai inci 50 ko ta ɗan haura. A hunturun 2022 zuwa 2023 kuwa sai da ta kai inci 90. Kuma kwashewar ba ganin dama ba ce. Dokar birni ta ba mai gida awa 24 bayan dusa ta tsaya ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa. In ya yi biris, hukuma na iya turo masu sharewa, ta aiko masa da takardar biyan kuɗi.

Sai dai ba dusar da ke sauka daga sama ce ta sa na sayi inji ba. Wadda ta sauko cikin tsananin sanyi ba ta da nauyi, gari ce kawai, ko yaro zai iya tura ta. Abin da ke karya ƙugu shi ne tudun da motar share titi ke bar maka a bakin hanyar garejinka. Ka gama sharewa tas, ka shiga ciki ka haɗa shayi, sai ka ji rugugin motar ta wuce. Ka leƙa ta taga, ga ganuwa har gwiwa ta tare ƙofa, dusa jiƙaƙƙiya haɗe da gishiri da yashi da dunƙulen ƙanƙara. In ka bar ta ta kwana, da safe ta zama dutse, shebur na roba ba ya ko karzarta. Mai fita aiki ƙarfe shida na safe, ko mai kai yara makaranta, wannan tudun ne abokin gabarsa. Shi ya sa nake cewa a auna inji da tudun bakin titi, kada a auna shi da dusar tsakar gida.

A nan ne bambancin injinan yake fitowa. Mai mataki ɗaya ƙarami ne, yana da fiffike na roba da ke juyawa yana shafar ƙasa, shi ne ke kwasa kuma shi ne ke watsawa. Ba shi da nauyi, bai cin wuri, kuma yana share siminti ƙal. Dusar da ba ta wuce inci shida zuwa takwas ba, ya fi ƙarfinta. Amma in ya iso tudun nan sai ya yi ta haƙilo, sai ka riƙa gutsura masa kaɗan-kaɗan. Kuma in hanyar garejinka tsakuwa ce, ka manta da shi, don zai kwashi duwatsun ya jefa wa gilashin motar maƙwabci. Mai mataki biyu kuwa yana da murɗaɗɗen ƙarfe a gaba mai farfasa dusar yana tura ta ciki, sannan farfela ta wurga ta waje ta bututu. Yana da giya, yana tafiya da kansa, kai dai riƙe shi kake yi kana ba shi hanya. Bakinsa a kan wasu 'yan takalman ƙarfe yake zaune, ana ɗaga su ko a sauke, don haka tsakuwa ba ta dame shi ba. Akwai ma mai mataki uku, amma ga gidan cikin gari wannan ƙarin kashe kuɗi ne kawai.

Wajen aiki, ba ni da ƙorafi mai yawa. Nakan jona wayarsa a soket ɗin gareji, in danna maɓalli, ya tashi ko da sanyi ya kai ashirin ƙasa da sifili, ba sai na yi ta fizgar igiya ba. In sa shi a giya ta ɗaya, in nufi tudun, ya ɗan yi gurnani, sai ka ga dusa na tashi sama tana faɗawa can tsakiyar ciyawa. Aikin da kan ci mini fiye da awa guda da shebur, ina haki ina dafe baya, yanzu kafin shayin ya huce na gama. Ga waɗanda shekaru suka fara ja, wannan ba batun ganda ba ne. Likitocin zuciya a Amurka sun daɗe suna jan kunne cewa ɗaga dusa mai nauyi cikin sanyi na iya jawo bugun zuciya, musamman ga mai hawan jini ko wanda bai saba motsa jiki ba.

Amma kada wani ya ɗauka hutu ne. Injin yana da nauyi, juya shi a kwana aiki ne, sai ka sa ƙarfi. In iska na kaɗawa ka juya bututun ta inda take fitowa, duk abin da ka watsa fuskarka zai dawo, gemu da gira su yi fari fat. Matakalar ƙofa da lungun da ke tsakanin mota da bango, dole ka koma ga shebur. Ba ya kuma share ƙasa ƙal kamar ƙaramin, yakan bar ɗan siririn shafi da sai ka bi da shebur ko ka barbaɗa gishiri. Ga ƙara. Ranar da na tashi da asuba na ga dusa ta rufe ko'ina, nakan ɗan jinkirta har gari ya soma wayewa, saboda haƙƙin maƙwabta.

Abu guda ne ba wasa a cikinsa. Dusar ƙarshen hunturu, ta watan Maris da Afrilu, jiƙaƙƙiya ce, takan toshe bututun. Kada ka kuskura ka sa hannu ciki, ko da ka kashe injin, domin farfelar na iya zabura da zarar abin da ya danne ta ya saki. Kowace shekara asibitoci na karɓar mutanen da suka rasa yatsu ta wannan hanya. Akwai sandar roba da ake maƙalawa a jikin injin don wannan aiki, da ita za ka zungura. Haka kuma kada a bar shi yana aiki cikin gareji a rufe, hayaƙinsa na kisa.

Sai batun kula da shi, wanda masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe janareta a gida ya san halin: ka bar mai a ciki wata da watanni, ranar da kake bukatarsa kabureta ta toshe. Wannan ma haka yake, har ya fi, don yakan yi wata bakwai ko takwas a ajiye, kuma yawancin fetur ɗin gidajen mai a nan an gauraya shi da itanol kashi 10 cikin ɗari, mai jan danshi. Ni marar itanol nake nema, kuma in hunturu ya ƙare nakan bar injin ya shanye man da ke ciki har ya mutu da kansa. Baƙin mai sau ɗaya a shekara, a duba filogi da bel. A kuma ajiye ƙusoshin kariya a aljihun gareji, waɗanda aka yi su musamman don su karye in ƙarfen gaba ya cafki wani abu mai tauri, domin giya ta tsira. Tabarmar bakin ƙofa da dusa ta binne, ko igiyar fitilun ado, ko daskararriyar jarida, kowanne ya isa ya karya su. Canzawa ba wuya, minti kaɗan ne, matuƙar kana da su a hannu. Ta wannan fuskar mu a nan mun yi dace, don cikin masu ƙera waɗannan injina, kamfanin Toro a Bloomington yake, nan kusa da mu, kamfanin Ariens kuma a jihar Wisconsin maƙwabciyarmu, saboda haka kayan gyara da makanikai ba sa wuyar samu.

Masu batir sun ƙaru sosai a unguwarmu, kuma na jarraba na wani abokina. Ba ƙara, ba warin mai, ba kabureta, mace ko dattijo zai sarrafa shi cikin sauƙi. Matsalarsa, in dusa ta yi nauyi batirin kan ƙare kafin aikin ya ƙare, kuma batir na biyu ba arha. Sai an riƙa shigar da shi ɗaki, don sanyi na rage masa ƙarfi. Mai gajeriyar hanyar gareji, da ni ne shi, wannan zan ɗauka.

Kuɗi fa? Mai mataki biyu na kirki, ka shirya dala dubu ɗaya zuwa sama, ƙaramin kuwa wajen rabin haka ko ya ɗan fi. Sannan ka ba shi wuri a gareji shekara cur. Akwai kuma shekarar da zai ba ka haushi: hunturun 2023 zuwa 2024 dusar da ta sauka ba ta kai inci 30 ba, nawa kusan zaman kashe wando ya yi. Wanda ke zaune a gidan bene na haya, ko unguwar da ake biyan kamfani ya share, ba ruwansa da wannan magana. Mai samari a gida da 'yar gajeriyar hanya, shebur biyu masu kyau sun ishe shi. Amma mai gidan da ke kan kwanar titi, wanda hanyar ƙafa ta zagaye shi ta fuska biyu, ko mai doguwar hanyar gareji, ko mai ciwon baya, ya saya kada ya yi dogon tunani.

Wata riba da ban sa a lissafi ba ita ce ta zaman tare. A nan al'ada ce, mai inji in ya gama gabansa yakan zarce ya share wa na kusa da shi. Akwai wata tsohuwa a jikin gidanmu da muka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu, yanzu har cincin irin nasu take aiko wa yara.

In za ka saya, ka saya a Satumba ko Oktoba tun kaya na nan, ko ka jira Maris lokacin da ake karya farashi. Ranar da aka yi hasashen babbar dusa, shaguna kan wayi gari wayam. Na hannu ma ba laifi, muddin mai shi zai tayar maka da shi a gabanka injin na sanyi, ka kuma leƙa ƙarƙashin bakinsa ka ga ko tsatsa ta cinye.