Sharhi Kan Meta Quest 3: Inda Ta Dace da Sakamakon Bincike da Inda Ta Gaza

Kamfanin Meta ya fito da na'urar Quest 3 a watan Oktoba na shekarar 2023, shekaru tara bayan da ya sayi kamfanin Oculus, a lokacin Meta yana amsa sunan Facebook. Na'ura ce da ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu, kuma aikinta iri biyu ne: ko dai ta kawar da ɗakin da mutum yake ciki ta jefa shi wata duniya da kwamfuta ta ƙera, ko kuma ta nuna masa ɗakin nasa ta kyamarorin da ke gabanta, sannan ta ɗora hotuna a kan tebur da bango tamkar dama can a nan suke. Yawancin masu sayenta don wasa suke saye, amma akwai malaman jami'a da likitoci da masu horar da ma'aikata waɗanda tambayarsu daban ce, domin so suke su san ko za ta iya ɗaukar aikin da binciken shekaru sama da hamsin ya nuna wannan fasaha tana iya yi. Da ma'aunin waɗannan mutane na auna ta, kuma a ganina ta ƙware a aikin gajeren lokaci da ya shafi motsin jiki da sanin wuri, ta kuma yi rauni a duk aikin da ke buƙatar dogon zama.

Wanda ya san tarihin fasahar zai fara yaba ƙirarta tun kafin ya kunna. Na'urar farko irin wannan, wadda Ivan Sutherland ya haɗa a Jami'ar Harvard a 1968, sai da aka rataye wani sashenta a rufin ɗaki, kuma abin da take nunawa bai wuce layukan zane ba. Quest 3 nauyinta giram 515 ne, ba ta buƙatar waya ko wata kwamfuta a gefe, domin ƙwaƙwalwarta, Snapdragon XR2 Gen 2, tana cikinta, kuma kyamarorinta ne suke lura da motsin kai da hannuwa ba tare da an kafa komai a bango ba. Kowane ido yana samun allo mai ɗigon haske 2064 a faɗi da 2208 a tsayi. Amma abin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci shi ne gilasan da ke tsakanin allon da ido. Gilasan Quest 2, wadda ta gabace ta, tsakiyarsu kaɗai ke fita tangaram, gefensu dishi-dishi ne, don haka dole mutum ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya karanta abin da ke gefe. Na Quest 3 suna lanƙwasa haske a cikinsu, sun fi siranta, kuma hoto yana fita sarai kusan daga gefe zuwa gefe. Ga mai koyon sarrafa inji wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda a wurin aiki na gaske ido ne ke zazzagawa a kan ma'aunai, ba wuya ba, kuma horon da ya koya wa mutum juya kai a inda ya kamata ya waiga da ido ya koya masa kuskure. Akwai kuma wani ɗan abin murzawa a ƙasa da ake daidaita tazarar gilasan da tazarar idanun mai sawa, abin da ya zama wajibi inda mutane da yawa ke karɓa-karɓa da na'ura ɗaya.

Ɓangaren da kamfanin ya fi tallatawa, wato haɗa hoton kwamfuta da zahirin ɗaki, shi ne wanda ya fi buƙatar a yi masa kallon tsanaki. Tun a 1994 Paul Milgram da Fumio Kishino suka bayyana cewa tsakanin zahiri zalla da ƙirƙirarriyar duniya zalla akwai matakai masu yawa, kuma Quest 3 tana iya zirga-zirga a tsakaninsu, domin da ɗan bugu biyu a gefenta ake komawa ganin ɗaki. Kyamarori biyu masu launi da wani ma'aunin zurfi suna zana taswirar ɗakin, har a iya ajiye hoton zuciyar ɗan Adam a kan tebur a zagaya shi yana nan daram. Sai dai abin da ido ke gani bidiyo ne, ba ɗakin kansa ba. A wuri mai wadataccen haske hoton yana da kyau, da zarar haske ya ragu sai ya yi burji-burji, abubuwan da ke kusa da fuska su ɗan lanƙwashe, ƙananan rubutu kuma su yi wuyar karantawa. Aikin da Tom Caudell ya yi tunani a kai a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1990, na nuna wa ma'aikaci inda kowace wayar lantarki ta jirgin sama za ta bi yayin da hannuwansa ke kan aikin, yana buƙatar gani mai kaifi, kuma ba zan ba da shawarar a damƙa wa Quest 3 irin wannan aiki ba. Na'urar da aka ƙera dominsa, HoloLens 2 ta Microsoft mai gilashin da ake gani ta cikinsa, an daina ƙera ta a 2024. Amfanin kyamarorin Quest 3 na haƙiƙa ya fi na talla sauƙi: ɗalibi yana ganin malaminsa, kuma ba ya cin karo da kujera.

Inda na'urar ta fi dacewa shi ne inda binciken ya fi ƙarfi. A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges suka wallafa gwajin da ya nuna cewa masu tsoron hawa wuri mai tsayi suna samun sauƙi idan aka riƙa kai su gadoji da baranda na kwaikwayo a hankali a hankali. A Jami'ar Washington kuma Hunter Hoffman da David Patterson sun sa masu fama da ƙuna cikin wata duniyar ƙanƙara yayin da ake wanke musu rauni, raɗaɗin da suke ji ya ragu, saboda hankalin da zai tafi ga ciwon ya tafi wani wurin. A watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shiri na na'urar kai mai suna EaseVRx don masu daɗaɗɗen ciwon baya. Duk waɗannan ayyuka zama ne na mintuna, kuma abin da suke buƙata shi ne mutum ya ji a jikinsa cewa yana can, wanda Quest 3 ke bayarwa fiye da na'urorin da aka yi gwaje-gwajen farko da su. Ya kamata dai a fahimci cewa maganin yana cikin shirin da aka tsara da kuma ƙwararren da ke kula da shi, ba a cikin na'urar ba, kuma sayen Quest 3 bai mayar da kowace manhaja ta zama magani ba.

Batun horar da likitocin tiyata ya ɗan fi sarƙaƙiya. Ana yawan kafa hujja da gwajin da aka yi a Jami'ar Yale a 2002, inda likitoci masu neman ƙwarewa da aka horar da na'urar kwaikwayo suka fi takwarorinsu saurin aikin cire maɗaciya da kashi 29 cikin ɗari, takwarorin kuma suka ninka su yawan kuskure kusan sau shida. Abin da masu talla ba su cika ambata ba shi ne cewa waccan na'ura allo ce da mariƙan kayan tiyata, ba ta sawa a kai ba. Abubuwan riƙo na Quest 3 marasa nauyi ne, suna zama daidai a tafin hannu, amma iyakacinsu su yi ɗan kaɗawa, ba za su iya nuna wa yatsa bambancin tsoka da ƙashi ba. Don koyon jerin matakan aiki da sanin inda kowane abu yake a ɗakin tiyata sun wadatar, don koyon ƙarfin da hannu zai sa kuwa ba su isa ba.

Malaman makaranta su ma suna da abin lura. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma binciken da Guido Makransky na Jami'ar Copenhagen da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna cewa ɗaliban da suka yi darasin ɗakin gwaje-gwaje da na'urar kai sun fi jin kamar suna wurin, sai dai waɗanda suka yi darasin a allon kwamfuta sun fi su koyo, saboda yawan abin kallo ya cika wa na farkon kai. Kyawun hoton Quest 3 ba ya magance wannan matsala, zai ma iya ƙara ta idan darasin ba shi da tsari.

Rauninta mafi bayyana shi ne daɗewa da ita a kai. Batirinta kimanin sa'o'i biyu yake yi, maɗaurin yadin da take zuwa da shi kuma yana barin nauyin a goshi da kumatu, shi ya sa masu amfani da ita da yawa suke sayen maɗauri mai tauri daban. Jiri da tashin zuciya sun ragu sosai, domin hoton yana sabuntuwa sau 90 zuwa 120 a daƙiƙa guda, amma ba su gushe ba, tunda asalinsu saɓani ne tsakanin ido da ke cewa ana tafiya da cikin kunne da ke cewa ana tsaye, kuma har yau masu bincike suna auna su da tambayoyi 16 da Robert Kennedy da abokansa suka tsara a 1993. Akwai wani saɓanin da ya fi wannan wuyar magani: idanu biyu suna karkatowa ga abin da ya matso kusa, alhali hasken allon daga tazara guda yake zuwa ko yaushe, kuma wannan ne ke gajiyar da ido. Saboda haka ban ga dalilin ɗaukar ta a matsayin madadin kwamfutar ofis ba, ko da yake tana iya buɗe manyan allo uku a iska.

Ga masu bincike kansu, na'urar tana aiki da Unity da Unreal, manhajojin da ake ƙera duniyar kwaikwayo da su, da OpenXR, ƙa'idar da ke sa manhaja ɗaya ta yi aiki a kan na'urori daban-daban, ana kuma iya jona ta da kwamfuta idan aikin ya yi nauyi, amma ba ta bin motsin ƙwayar ido, don haka duk nazarin da ya dogara kan inda mutum yake kallo sai ya nemi wata. Akwai kuma batun sirri, tunda sai da asusun Meta ake amfani da ita. A 2023 masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley sun nuna cewa daga motsin kai da hannu na daƙiƙa 100 kacal ana iya gane mutum a cikin sama da 55,000 da daidaiton da ya haura kashi 94 cikin ɗari, don haka cire suna daga bayanan gwaji bai ɓoye mai su ba, kuma ya dace takardar neman amincewar masu shiga gwaji ta faɗi haka ƙarara.

Apple Vision Pro, na'urar kai ta kamfanin Apple wadda ta fito a watan Fabrairu na 2024, ta fi ta kaifin hoto kuma tana bin ido, amma a lokacin fitowarta kuɗinta ya ninka na Quest 3 kusan sau bakwai, batirinta kuma a waje yake da waya. Quest 3S da ta biyo baya a ƙarshen shekarar 2024 ta fi Quest 3 araha, ƙwaƙwalwarsu ɗaya, sai dai ta koma ga tsofaffin gilasai irin na Quest 2. Cibiyar da ke son na'urori masu yawa don ɗalibai su zagaya gini ko su kalli sassan jiki za ta iya wadatuwa da 3S, amma inda darasin ya ƙunshi karanta ma'auni ko rubutu, gilasan Quest 3 sun cancanci ƙarin kuɗin.