Zaɓen Abincin da Zai Kare Tsokar Majinyaci: Ƙwai da Awara, Gwangwanin Kemis, ko Garin Furotin?

Tsoka tana zagwanyewa da sauri idan mutum ya kwanta jinya, musamman idan shekaru sun ja. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu cikakkiyar lafiya, da aka kwantar da su kwana 10 kawai, sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Kafin mai jinya ya nufi kemis, ya kamata ya san adadin furotin, wato sinadarin gina jiki, da majinyacin yake nema. Baligi mai lafiya yana buƙatar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, amma ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 ga tsohon da ke fama da ciwo. Ke nan majinyaci mai nauyin kilo 60 yana neman giram 72 zuwa 90, kuma ya fi amfani a rarraba su tsakanin karin kumallo, abincin rana da na dare.

Muddin majinyaci yana iya tauna da haɗiya, abincin gida ne ya fi araha. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 na furotin, kofin madara ko kindirmo kimanin giram 8, busasshen waken suya kuwa giram 36 a cikin kowane giram 100, shi ya sa awara ta cancanci muhimmanci fiye da yadda ake ba ta. Inda ake yin kuskure shi ne wajen kunu. Za a ga kofin koko tsararo a gefen gado, an zuba masa sukari, majinyaci ya kurɓi rabi, a ce ai ya ci abinci, alhali furotin da ya shiga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Cokali uku na garin madara ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kyau, wadda ba ta yi fumfuna ba, za su sauya darajar wannan kofin. Sai dai a duba bayan leda, domin farin garin da ake sayarwa don shayi, wanda aka haɗa da man itatuwa da sukari, kamar madara yake a ido amma kusan babu furotin a cikinsa.

Zaɓi na biyu shi ne haɗaɗɗen abincin sha irin su Ensure, Fresubin da Fortisip, waɗanda ke ɗauke da kuzari, furotin da bitamin a wuri guda. Amfaninsu yana ga wanda sha'awar abinci ta ɗauke masa, kamar mai cutar daji ko wanda aka yi wa babbar tiyata. Tsadarsu ce matsalar, kuma ba duka suke daidai ba: ƙaramar kwalbar Ensure ta asali tana da kimanin giram 9 na furotin, wato ƙwai ɗaya da rabi, yayin da Fresubin 2 kcal ke da giram 20 a mililita 200. A ganina hanya mafi adalci ta kwatanta su ita ce a raba farashi da yawan giram ɗin furotin, ba da girman gwangwani ba. Mai ciwon suga ya fi dacewa da irin Glucerna, mai wankin ƙoda kuma irin Nepro.

Sai garin furotin na ruwan cuku, wanda ake rubuta wa whey a jikin roba. Awonsa ɗaya na giram 30 yana ba da giram 20 zuwa 25, kuma yana da wadatar lusin, sinadarin da ke zaburar da ginin tsoka. Ya dace da wanda yake cin abinci amma furotin ɗinsa bai isa ba, sai dai bai zama cikakken abinci ba. Garin kolajin, wato furotin ɗin fata da ƙashin dabbobi, da ake talla sosai ba cikakken furotin ba ne, kuma ana iya samar da shi daga fatar alade, don haka sai an nemi shaidar halal. Bitamin D yana taimakawa ne ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa.

Akwai wanda wannan lissafi duka bai shafe shi ba, wato mai ciwon ƙoda da bai fara wanki ba, domin shi sau da yawa rage masa furotin ake yi. Saboda haka a nemi gwajin ƙoda da shawarar likita ko masanin abinci na asibiti kafin a sayi komai. A Najeriya a duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da hatimin murfi, a kuma fara da ƙaramin gwangwani, domin wasu majinyata zaƙinsa yana ginsar su, wasu kuma yana sa su zawo. A ware wani abu daga kuɗin don likitan gashin ƙashi da motsa jiki, tunda tsokar da ba a motsa ta ba ta amfana sosai da furotin, ko da motsin bai wuce tashi daga kujera a sake zama sau biyar, safe da yamma ba.