Wata huɗu ina sa jelatin a gashina, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun da na faɗa wa wasu ƙawayena ina gwada jelatin a kaina ake ta tambayata ya ake ciki, gashin ya fito ko bai fito ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru dan kar wata ta je ta kashe kuɗinta da tunanin abin da ba shi ba ne.

Asalin abin da ya kai ni, bayan na haifi yarona na biyu da kamar wata uku zuwa huɗu gashina ya fara zuba, zuba ba ta wasa ba wallahi, in na tsefe kitso sai in tara gashi cike da tafin hannu, gaban goshina ta gefe da gefe duk ya zaizaye har sai da na koma jawo ɗankwali gaba ko a cikin gida nake. Abin ya dame ni sosai dan ni mutum ce mai son gashinta, tun ina budurwa nake kula da shi. Man kaɗe, man kwakwa, ruwan kanumfari, hulba, babu wanda ban taɓa ba. Ana cikin haka ƙanwar maigidana da take yin kek na biki ta zo gidan ta gan ni ina taje kai, ta ce Anti kin taɓa gwada jelatin kuwa, ai shi ake yayi yanzu, wai yana sa tsawo yana sa cika. Ni a lokacin ban ma san ana sa shi a kai ba, na san dai masu kek da alawa suna amfani da shi.

Kafin in saya sai da na tsaya na bincika mene ne shi, kuma nan ne nake so ku nutsu dan wannan ya fi batun gashin ma muhimmanci. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, ana dafa su a tace a busar ya zama gari. Kun san yadda romon farfesun ƙafar sa ko na ganda yake daskarewa in ya kwana ya huce, ya yi kamar wani kitse mai rawa? To wannan abin da ya daskare shi ne jelatin, ba wani baƙon abu ba ne. Matsalar ita ce da yawan wanda ake yi a duniya daga fatar alade ake yin sa, akwai na saniya akwai kuma na kifi. Na san malamai sun yi saɓani a kan wanda aka sarrafa har ya sauya kama, amma ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, abin da zan shafa a kaina in yi sallah gara wanda ba ni da kokwanto a kansa. Da na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan kek, shago na farko a ƙulle a farar leda suke sayarwa ba suna ba komai, na ce malam wannan na wace dabba ce, ya ce Hajiya wallahi haka muke saro shi a buhu. Na yi masa godiya na wuce. Sai a shago na uku na samu na gwangwani mai tambarin halal an kuma rubuta bovine a jiki, wato na saniya. In kika ga porcine to na alade ne ki ajiye. Kuma ki tabbatar mara kala mara ɗanɗano ne, ba wanda aka haɗa da sukari da kala na yara ba. Kuɗinsa bai kai abin da nake biya kitso ɗaya ba, kuma har yau gwangwanin bai ƙare ba.

Ranar farko ɓata shi na yi. Na tafasa ruwa na zuba garin kai tsaye, nan take ya dunƙule ya yi gudaji gudaji kamar kunun da aka dama da gaggawa, na juya na juya ya ƙi, haka na zubar. Na kira ƙanwar tawa ta ce ai Anti da ruwan sanyi ake fara jiƙa shi. To ga yadda nake yi yanzu: cokali 1 na cin abinci na garin, in barbaɗa a kan ruwan sanyi cokali 4 a ɗan kwano, in bar shi minti 5 zuwa 10 zai shanye ruwan ya kumbura. Sai in ɗora kwanon a cikin wani babba mai ruwan zafi ina juyawa har ya narke ya zama ruwa tas, ba a tafasa shi a wuta. In ya ɗan huce sai in zuba kwandishana cokali 2, zuma ƙaramin cokali, man zaitun ƙaramin cokali. Kar ki bari ya yi sanyi gabaɗaya dan daskarewa zai yi a kwanon, balle lokacin hunturu, ni a Nuwamba na fara kuma kun san sanyin Kano da safe, kafin in gama raba gashin gida huɗu har ya fara kamawa sai na mayar da shi cikin ruwan zafi.

Ina wanke kan tukuna, da sabulun salo ko shamfu, in tsane da tawul ya zama da ɗan danshi, sannan in shafa daga tsakiyar gashin zuwa baki. Bana kai shi fatar kai, sau ɗaya na yi hakan ya bushe ya dinga ja na yana ƙaiƙayi. In sa leda in ɗaura ɗankwali a kai, minti 20 zuwa 30, sai in wanke da ruwan ɗumi sosai. Ruwan ɗumi fa, in kika sa na sanyi zai ƙanƙame a jikin gashin ki sha wuyar fitar da shi. Akwai ranar da yaro ya tashi da kuka na cire ledar na tafi ba shi nono na manta, iskar hunturu ta busar da shi ƙamas, gashin ya sandare kamar tsintsiya, sai da na yi ta zuba ruwan ɗumi a hankali kusan rabin awa kafin ya saki, kuma ranar na yi asarar gashi dan garin fitarwa wasu sun tsinke. Yana da ɗan ƙarni kaɗan in yana da ɗumi, ba mai yawa ba, ƙamshin kwandishana yana rufe shi.

Gaskiya wankin farko da na yi daidai na ji daɗi. Gashin ya yi santsi, ya yi sheƙi, in na kama shi sai in ji kamar ya ƙara kauri, matajin yana wucewa ba gardama. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan guntayen nan da suke zuba a kafaɗa da kan tabarma in ana taje kai, waɗanda ba daga tushe suka fita ba karyewa suka yi, sun ragu sosai. Ni da ma ina da ragowar rilaksa a bakin gashina wanda na sa kafin in samu ciki, wajen duk ya yi laƙwas ya mutu, to nan ne na fi ganin aikin jelatin ɗin.

Daɗin da na ji ne ya sa na yi kuskure na biyu, na koma yi duk sati. A sati na huɗu gashin ya fara tauri, ya bushe, in na lanƙwasa sili ɗaya sai ya karye ɓas. Mai kitsona ce ta fara lura, tana tsaga ta ce Maman yara me kika sa wa kan nan ya yi ƙarfi haka kamar an sa masa sitati. Da na koma na karanta sai na gane jelatin furotin ne, shi ma gashi furotin ne ake ce masa keratin, abin da jelatin yake yi shi ne ya lulluɓe silin gashin ya ɗan cike inda ya zaizaye na ɗan lokaci, in ya yi yawa kuma ba danshi sai gashin ya rasa laushinsa. Ga hunturu da ma yana tsotse komai. Na dakata sati uku, na koma wanke kai da karkashi irin yadda Ummanmu take mana muna yara, yauƙin nan yana warware gashi ba kaɗan ba, ina bi da ruwa da man kaɗe, a hankali ya dawo. Tun daga nan sau ɗaya nake yi a wata, kuma duk ranar da na yi sai na bi shi da sitimin na mai.

To batun tsawo, wanda shi ne kowa take son ji. Ranar da na fara na ɗauki tef ɗin ɗinki na ja gashin ƙeyata na auna na rubuta a bayan littafi, bayan wata huɗu na sake aunawa a waje ɗaya, abin da ya ƙaru bai kai santimita 4 ba. Kuma gashin mutum da ma wajen santimita 1 yake yi a wata ko ka sa masa abu ko ba ka sa ba. Kenan jelatin bai ƙara min saurin fitowa ba ko kaɗan, kuma in kika duba ma ba ta yadda zai yi, gashi daga cikin fata yake tsirowa, abin da kika shafa a jikin sili na minti 30 kika wanke ba ya kaiwa can. Abin da ya yi min shi ne ya hana wanda ya fito karyewa, da can gashin yana fitowa ta ƙasa yana gutsurewa ta sama sai in ga kamar a tsaye yake shekara da shekaru. Ina ganin wannan ne yake sa mutane su ce ya sa musu tsawo. Ni ban raina wannan amfanin ba, amma raina yana ɓaci in na ga ana nuna hoton mai gashi har gadon baya ana cewa wai jelatin ne a sati biyu, mace tana cikin damuwa a zo ana mata irin wannan, ba daidai ba ne.

Na kuma gwada sha, tunda an ce in an sha ya fi. Ina narka ƙaramin cokali a shayi da safe, na yi sati biyu na bari, ƙarnin yana tayar min da zuciya cikina kuma yana kumbura. Da ma in ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane abinci, ba wai zai wuce kai tsaye ya tafi gashi ba ne, kuma ba cikakken furotin ba ne irin na ƙwai ko kifi. Na ce gara in ci ƙwai da wake da zogale in sha romon ƙafar sa da na san daɗinsa.

Gaban goshin nan kuwa da ya kai ni ga duk wannan, jelatin bai taɓa shi ba. Da na kai yaro rigakafi na yi wa likita ƙorafin jiri da kasala na haɗa da zancen gashin, ta sa aka gwada jinina aka ce ya yi ƙasa, ta rubuta min maganin ƙarin jini. Ta ce zubar gashi bayan haihuwa abu ne da yake samun mata da yawa, lokacin ciki gashin da ya kamata ya zuba yana tsayawa, in an haihu da 'yan watanni sai ya zuba gaba ɗaya, kuma yawanci kafin yaro ya shekara yake dawowa da kansa. Sai ta ɗaga ɗankwalina ta kalli kitson ta ce wannan ƙananan da ake ja miki su ma suna cin gaban kai, in aka daɗe ana yi wajen yana iya mutuwa ya ƙi fitowa sam. Wannan maganar ta tsorata ni fiye da komai. Kitso na gaba na ce wa mai kitsona dan Allah Yaya manya za ki min guda shida, kuma ki bar min 'yan gaban nan kar ki kama su. Ta ce ai ba zai yi kyau ba Maman yara, kwana uku zai tashi, na ce na ji na yarda. Har yanzu haka muke yi, duk sati biyu in tsefe.

Yanzu yaron yana wata goma sha ɗaya, gefen dama ya cike da ƙananan gashi masu laushi, gefen hagu ne dai har yanzu da saura ana ganin fata kaɗan, kullum da daddare ina ɗan shafa masa man kaɗe ina murzawa a hankali. Wadda gashinta yake da rilaksa ko rini ko yake yawan karyewa a baki, zan ce ta gwada jelatin sau ɗaya a wata ta gani, ta fara da ɗan yanki ta ƙeya tukuna. Wadda nata mai ƙarfi ne da ma busasshe irin na ƙanwata, ita da ta gwada sau ɗaya tauri kawai ya ƙara mata ta bari, ban ga abin da zai ƙara mata ba. Wadda kuma nata daga tushe yake fita, ko yake fita fili fili kamar kwabo, ko fatar kan tana ƙuraje, dan Allah ta je asibiti a duba ta kar ta tsaya ɓata lokaci da kwano da cokali kamar yadda na yi wata biyun farko. Ni dai gwangwanina saura kusan rabi, ranar Asabar mai zuwa ne wankin wannan watan in Allah ya kai mu, kuma na riga na ƙudura niyyar yanke ragowar rilaksan nan gaba ɗaya bayan sallah.