Littattafan Hauhawar Ruwan Teku: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Ƙagaggun labarai a kan teku da ke cinye birane sun yi yawa a kasuwar littattafan Turanci, kuma tun da farashinsu ba wasa ba ne ga mai biya da naira ko sefa, ya kamata mai saye ya san mudun da zai auna su da shi. Tambaya biyu nake yi wa kowane littafi: daga ina marubucin ya kawo ruwan, kuma da wane sauri ya sa shi ya hau?

Mudun kansa yana cikin rahoton da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya fitar a 2021. Teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ga kuma ƙanƙarar tsaunuka da ta Girinlan da Antatika da ke narkewa tana kwarara cikinsa. Zuwa 2100 ana hasashen ƙarin santimita 28 zuwa kimanin mita 1, gwargwadon hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa.

Da wannan mudu, littafin J. G. Ballard na 1962, The Drowned World, ya faɗi warwas, ko da yake rubutunsa na gwani ne. Ya nutsar da Landan, amma laifin ya ɗora shi a kan sauyin zafin rana, ba a kan hannun ɗan Adam ba. A saye shi don daɗin adabi kawai. Flood na Stephen Baxter, na 2008, ya fi shi nisa da gaskiya, domin ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa har ya rufe manyan tsaunuka, alhali ko duk ƙanƙarar duniya ta narke ƙarin ba zai wuce mita 70 ba.

New York 2140 na Kim Stanley Robinson, wanda ya fito a 2017, ya fi su cancanta. Ya ɗaga teku da kimanin mita 15, titunan kudancin Manhatan, tsibirin da ke tsakiyar birnin New York, suka zama hanyoyin jiragen ruwa, jama'a suka koma benayen sama, attajirai kuma suka ci gaba da cinikin gidajen da ruwa ya ci rabinsu. Adadin ya zarce hasashen masana ƙwarai, domin IPCC ba ta ambaci mita 15 ba sai a matsayin abin da ba za a iya kore yiwuwarsa ba zuwa 2300. Sai dai wanda ya tuna yadda guguwar Sandy ta cika ramukan jirgin ƙasa na birnin da ruwa a 2012 ba zai ɗauki hoton a matsayin tatsuniya ba. Littafin ya haura shafi 600, saboda haka yana bukatar mai haƙuri.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi kuwa shi ne The Sea and Summer na George Turner, ɗan Ostireliya, wanda ya fito tun 1987, shekara guda kafin a kafa IPCC, ya kuma ci kyautar Arthur C. Clarke ta ƙagaggun labaran kimiyya a 1988. A birnin Melbon na tsakiyar wannan ƙarni ya kafa labarinsa, inda ɗumamar duniya ke turo ruwa sannu a hankali, shekara bayan shekara. Marasa aikin yi an cusa su a dogayen benayen gwamnati da ambaliya ke shiga ƙasansu, masu albashi kuwa suna kan tudu. Abin da ya hango ke nan da ya fi adadin mita muhimmanci: ruwa yana fara cin wanda ba shi da halin ƙaura. Duk wanda ya zauna a unguwannin talakawa na bakin ruwa a Legas lokacin damina zai gane wannan rabo ba tare da an yi masa bayani ba, kuma abin yana damuna matuƙa.

Idan kuɗin littafi ɗaya gare ka, na Turner za ka nema, na Robinson ya biyo baya idan hali ya samu. A lura wajen saye ta intanet, domin a Amurka an buga littafin Turner da sunan Drowning Towers, kuma labari ɗaya ne, kada a biya sau biyu.