Gargaɗi ga 'yan'uwa na Makka da Jidda: mai sayar da jabun wuƙar aljihu

Assalamu alaikum. Riyal 2,160. Wuƙa 12, kowace riyal 180, kuma babu guda ɗaya a ciki da zan yarda in miƙa wa wani ya yi fiɗa da ita. Akwai wani mutum da ke tallar Buck 110, wata wuƙar aljihu mai naɗewa, a zaurukan WhatsApp na mutanenmu, yana cewa ragowar kayan wani shago ne da aka rufe. Ɗan damfara ne.

Kafin wani ya ce ban duba ba, na duba. Wadda ya ɗora mini a hannu a Shara Mansur ta asali ce, har gobe zan rantse a kan haka. Na buɗe ta, makullin ya faɗa da ƙara guda, tas. Na girgiza ruwan wuƙar sama da ƙasa, bai motsa ba. Nauyinta ya cika hannu. Wannan lokacin nake ta juyawa a raina, yadda ya ce "Alhaji, sauran suna kwali, kada mu ɓata ledar." Samfurin gaskiya yake nunawa, ya kawo maka jabu a rufe. Riyal 2,160, kuma fiye da rabi kuɗin abokan aiki ne da suka dogara da idona.

Buck 110 makullin baya gare ta. Wani dogon ƙarfe ne kwance a gadon bayan ƙota, kansa kamar ƙugiya, sifirin na danna shi ya faɗa cikin gurbin da aka yanka a gindin ruwan wuƙa. Muddin gurbin na da zurfi kuma kusurwarsa a tsaye take, wuƙar ba ta rufewa sai ka danna. A jabun nan gurbin bai kai rabin zurfin da ya kamata ba, bakinsa kuma a zagaye yake, ƙugiyar tana ɗan taɓawa ne kawai. Na riƙe ta ta gefe, yatsu nesa da hanyar kaifi, na buga bayanta a hankali kan katako. Bugu na biyu ta rufe. Takwas cikin 12 haka suka yi. Ka tuna ƙotar wannan wuƙa sumul take, ba ta da wani abin da ke tare yatsa, idan jini da kitse suka taɓa ta santsi take yi. Duk tsaron hannunka yana kan wannan ƙugiyar. Ranar layya, tsini ya maƙale a ƙashi, ka murɗa, kan yatsu huɗu za ta faɗo.

Lambar wayar mutumin yanzu a kashe take. Talata ce na tura cikon kuɗin, ya kashe waya bayan da yaronsa ya ajiye kwalayen. Riyal 1,000 na fara ba shi a hannu, 1,160 ta banki.

Ƙotar ma ƙarya ce. Ta asali tagulla ce a kai da gindi, tagulla kuwa maganaɗisu ba ya kama ta. Waɗannan maganaɗisun firji ya manne musu, wato baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan rawaya. Itacen ƙotar ma ba itace ba ne, roba ce da aka yi wa zane. Ta gaskiya tana kai wajen giram 205 a sikeli, tsawon ruwanta santimita 9.5. Nasa giram 160 da ɗoriya. Tambarin da ke gindin ruwan kada ya ruɗe ka, sun buga "BUCK 110 U.S.A." raɗau, rubutu shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo.

Har da wasu masu makullin gefe yake tallatawa yanzu, an turo mini hotunan. Irin wannan, wani siririn faranti ne a cikin ƙota yake zamowa ya tokare gindin ruwa. Ya kamata ya hau kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin gindin. In bakinsa kawai ya taɓa, zamewa zai yi. In ya tsallake har ɗaya ɓangaren tun tana sabuwa, ta riga ta mutu. A hotonsa ma ana ganin farantin da ƙyar ya hau. Wallahi gara wuƙar Opinel mai lamba 8, wadda zobe kake juyawa da hannunka ka ga ya kulle, da wannan abin.

Riyal 2,160. Ba rahusar da ta wuce hankali ba ce har in yi zargi, shi ya sa abin ke ƙona mini rai. Hotunan hirarmu, takardar turin kuɗi da bidiyon wuƙar tana rufewa, zan saka su bayan Isha in Allah ya yarda.

Kada ku biya sai an buɗe kowane kwali a gabanku. Ku tafi da maganaɗisu. Wanda ya riga ya saya, kada ya yanka komai da ita.