Hattara da garin "gina ƙashi" da ake tallata wa iyayenmu mata a WhatsApp

Jama'a, saboda Innarmu nake wannan rubutu, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa da irin robar da muka ɗauko a ƙarƙashin gadonta take ajiye yanzu haka.

Wani mutum ne yake sakin saƙon murya a zaurukan WhatsApp na mata, musamman na Islamiyya da na 'yan adashi. Yana tallar wani gari da yake cewa haɗin saiwoyi ne da sassaƙe, na gargajiya zalla, wai yana cike ƙashin da ya zaizaye, ya kori sanyin ƙashi da ciwon gwiwa da kwankwaso cikin kwana bakwai. Ba shi da shago. Kuɗi ake turawa, ɗan acaɓa ya kawo kaya. A jikin robar babu sunan kamfani, babu adireshi, babu ranar lalacewa, sai wata lamba da aka buga da hatimi aka rubuta NAFDAC a gefenta.

Inna tana da shekara 67. Ta fara sha, kuma wallahi kwana uku aka yi ta miƙe. Wadda take sallah a zaune ta koma yi a tsaye. Muka yi ta hamdala. Ni da hannuna na tura kuɗin roba ta biyu da ta uku, abin da yake ci mini rai har gobe.

Bayan wata huɗu fuskarta ta yi zagaye ta cika, ciki ya fito, ƙafafu kuma suka sirance. Maƙwabta suna cewa Hajiya ta murmure. Ga ƙishirwa, ga fitsarin dare. Ranar nan santsi ya ɗauke ta a banɗaki, ta dafa ƙasa kawai, tsintsiyar hannu ta karye. A asibiti aka sami suga ya hau, jini ya hau. Likitan ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ce, "Mama, wane magani kike sha a gida?" Muka nuna masa robar. Ya ce duk alamun nan na wanda ya daɗe yana shan siteroyid ne, irin deksametazon, wanda 'yan mata suke sha don ƙiba ana ce masa sha-ka-fashe. Inna kuwa ban da garin nan ba ta shan komai.

A nan muguntar take. Siteroyid yana kwantar da ciwo da kumburi nan take, shi ya sa mai sha yake rantsuwa maganin yana ci. Amma idan aka jima ana sha, yana raunana ƙwayoyin halittar da suke gina ƙashi, ya rage kalsiyam (sinadarin da yake ƙarfafa ƙashi) da hanji yake tsotsa daga abinci, ya ƙara wanda yake fita a fitsari. Wato abin da aka sayar mata don ƙashi shi ne yake cinye ƙashin, ga ta mace da ta daɗe da daina al'ada, lokacin da ƙashin mata dama yake saurin zaizaya. Kuma zaizayar ƙashi ba ta da ciwo sai ranar da ƙugu ko hannu ko gadon baya ya karye. Ciwon gwiwar da tsofaffi suke kuka da shi galibi amosanin gaɓɓai ne, cuta ce daban. Mai tallar ya haɗe su wuri guda don kasuwarsa ta yi faɗi. Ko maganin zaizayar ƙashi na asibiti irin alendironet, da ake sha sau ɗaya a mako, sai an yi shekara ko fiye kafin na'urar awon ƙashi ta DEXA ta nuna canji. Ina ga kwana bakwai?

Wannan dabara tsohuwa ce. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan Reumofan Plus, a 2022 kuma kan Artri King, duka ana sayar da su da sunan haɗin halitta na ciwon gaɓɓai, aka samu an ɓoye deksametazon da diklofenak a ciki. Shi diklofenak ɗin maganin ciwo ne, amma yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.

Don Allah ku riƙe wannan: idan mahaifiyarku ta yi makonni tana shan irin garin nan, kada ku ƙwace shi rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa siteroyid ɗin na halitta, yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, faɗuwar jini, suma, har rasa rai. Ku ɗauki robar ku kai ta wurin likita, shi zai riƙa rage mata a hankali. Haka ake yi wa Inna yanzu, tana kuma samun kindirmo da zogale da riɗi, tana fitowa hantsi a tsakar gida. Wanda yake Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan.

Lambar da ke jikin robar mun duba ta a manhajar Greenbook ta NAFDAC, ba ta fito ba. Da na kira mutumin na gaya masa halin da Inna take ciki, ya ce ai ciwon ne yake fita, in ƙara sayen roba ɗaya. Daga nan ya toshe layina. Makon jiya ƙanwata ta turo mini wani sabon saƙo daga zauren Islamiyyarsu: sunan garin ya canja, lambar waya ta canja, muryar kuwa tasa ce.