Haɗarin da Muka Yi a Hunturun Kanada da Abubuwan da Suka Yi Mana Rana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Kano. Ina godiya da jajen da aka yi ta aiko mana kan haɗarin mota da muka yi ni da iyalina lokacin hutun ƙarshen shekara, a babbar hanya mai lamba 400 wadda ta tashi daga Toronto ta nufi arewa. Allah ya kiyaye, duk mun fita da ranmu, kuma tunda an yawaita tambayata yadda ake tafiyar da irin wannan al'amari a nan, na ga ya dace in yi bayani a rubuce.

Abin ya faru ne kusa da garin Barrie, inda iska ke kwaso dusar ƙanƙara daga manyan tafkunan yankin ta rufe hanya farat ɗaya, kamar yadda hazon hunturu ke rufe hanyar Zariya da asuba, sai dai a nan kwaltar kanta ta daskare tana santsi. Motar gabanmu ta taka birki, na taka nawa, motarmu ta zame ta daki ƙarfen gefen titi, sannan ta juya ta faɗa kwari. Jakunkunan iska suka fashe, mota ta cika da wata farar ƙura mai warin ƙuna, bel ya bar mini shatin jini a ƙirji, 'yarmu kuwa tana ɗaure a kujerar yara ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Na daɗe ina ganin tayar hunturu a matsayin kashe kuɗi mai nauyi, domin mutum yana bukatar taya takwas ga mota ɗaya, huɗu na zafi huɗu na sanyi, ga kuɗin canji sau biyu a shekara. Amma dalilin canjin shi ne robar taya ta yau da kullum tana taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 7 a ma'aunin Salshiyas, ita kuwa ta hunturu, mai tambarin dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefenta, tana zama da laushi ta riƙe titi. A lardin Kubek doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, ba a tilasta ba, amma kamfanonin inshora suna yi wa mai ita rangwame. Ita ce a motarmu ranar, kuma ba ta hana mu zamewa ba, amma na tabbata ta rage gudun da muka daki ƙarfen da shi. A gida zafi ne ke kashe taya, kuma mafi yawanmu 'yar Beljiyam muke saya muna duba zanen jikinta kawai, alhali akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Wanda ya ga 2315, to mako na 23 ne na shekarar 2015, kuma bai kamata ya ɗora iyalinsa a kanta ya kama hanyar Kaduna ba, komai kyan fuskarta.

Kira ɗaya zuwa 911, lambar agajin gaggawa ta nan, ya kawo 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ma'aikatan suka hana maiɗakina motsi har sai da suka ɗaure mata wuya, saboda ta ce tana jin zafi a ƙeya. Mutanenmu sun fi na nan saurin kawo agaji, wannan ba na shakkarsa, domin kafin ka farga an taru an ciro ka an sa a Adaidaita Sahu. Amma irin wannan ɗauka ta gaggawa tana iya mayar da tsagewar ƙashin baya ta zama shanyewar jiki. A Najeriya ma muna da lambobin gaggawa, 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da kuma 112, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin duba majinyacin gaggawa, sai dai ƙalilan ne suka san da hakan. A asibitin nan ba wanda ya tambaye mu kuɗin ajiya, katin lafiya na lardi kawai aka karɓa, daga baya takardar dala 45 ta motar asibiti ta iso ta gidan waya. Amma zaman jira ya yi tsawo matuƙa, domin wanda ba ya bakin mutuwa sai ya kusa kwana a benci kafin likita ya gan shi.

Inshora kuwa tana cin baƙo sosai, domin ba a lissafa shekarun da na yi ina tuƙi a Kano yadda ya kamata ba, abin da nake biya a wata guda ya ninka naira 15,000 ta inshorar dole ta shekara a Najeriya sau da yawa. Duk da haka ita ta biya janwe, ta ba mu motar haya, ta kuma biya ƙimar motarmu bayan an cire kason da ke kaina.

Motar ba a gyara ta ba. Ladan makaniki a nan yakan haura dala 100 a awa, saboda haka kamfanin ya ce gyaranta ya fi ƙimarta, aka kai ta gwanjo. Da a Kano ne, da mai gyaran bodi ya miƙe ta an samo kayanta a Ƙofar Ruwa, kuma ina jinjina wa wannan basira ta masu sana'armu. Damuwata ita ce irin waɗannan motoci na gwanjo daga Amurka da Kanada su ne ake lodawa zuwa Kwatano da Legas, a yi musu fenti su shigo kasuwa suna sheƙi, wasu ba a mayar musu da jakar iska ba, an dai like murfin sitiyari. Duk wanda zai sayi mota 'yar waje ya karɓi lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya bincika tarihinta a intanet, sannan ya kunna ta ya tabbatar fitilar jakar iska ta kama kuma ta mutu da kanta kafin ya biya kuɗi.